Farin Zanen Sa'a

A gidan Illa marini, nan Matameye, komai shuɗi ne. Hannun maigida shuɗi har gwiwa, bakin ƙwarya shuɗi, akuyar gidan ma tana da tabo a gefe guda inda take goga jiki da kayan shanya. Tufar kowa rinanniya ce, don tsumma na fara tsufa sai a tsoma shi a karofi, ramin rinin nan, ya fito kamar sabo. Farin abu ɗaya tak ke cikin gidan, shi ne zanen Sa'a.

Sa'a ɗiyar wan Illa ce, shekararta goma, ba uwa ba uba. Uwarta Salamatu ce ta kaɗa zaren zanen da hannunta, tana kwance tana tashi da ciwon da ya tafi da ita, ta sa masaƙi ya ja jan zare guda a bakinsa. Da shi Sa'a ke zuwa makarantar Malam Lawwali. Yarinya ce mai kai, sau biyu a mako take wanke allo, sura uku suka rage mata ta kai ƙarshen izu na farko. Abin da uwar ta roƙa ke nan kafin ta cika, a bar yarinya ta kai izu, ko ta san abin da za ta faɗa wa Ubangijinta in ta tsaya salla. Illa ya ce ya ji, ya ɗauka. A gaban mutane ya faɗa, kuma mutane ba su manta ba.

Wata Laraba bayan kaka, Malam ya buɗe gafaka ya tarar da sawun yatsu huɗu, shuɗi, a kan takardar da ya shekara biyu yana rubutawa da hannunsa. Bai san yaron da ya taɓa ba. Ransa ya ɓaci, ya buga tsumagiya a ƙasa.

"Daga Asabar ba mai shigo mini rumfa da rinanniyar tufa. Namiji farar taguwa, mace farin zane, wankakke. Wanda ya zo da shuɗi bayan zana zai zauna, ko ɗan wa ye shi."

Dokar ba ta da laifi. Shuni yana zuba, in yaro ya yi gumi sai ya bar shi a allo, ya dagula tawada. Sa'a ma murna ta yi, don ita ba abin da ya dame ta. Ranar ce ma Malam ya rubuta mata sabuwar sura, ya ce Asabar zai biya mata.

Ran Alhamis ta wanke zanen tas da sabulun salo, ta shanya, aka aike ta kai kaya mabuga, wurin masu bugun tufa ta yi ƙyalli. Ta dawo, igiya ba komai.

"Inna, ba ki ga zanena ba? Nan na shanya."

Fadima, matar Illa, tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba. "Au, farin? Yana wurin maɗinki."

"Yagewa ya yi?"

"Yaron nan za a yanka wa taguwa."

Manu take nufi, ɗanta, tsaran Sa'a, makarantarsu ɗaya. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, wai kunya. Kunyar ta tsaya a suna, ba ta kai ga igiyar shanya ba.

"Inna, na uwata ne fa."

"Ni ba uwarki ba ce? Tuwon wa kike ci? Gidan nan ki duba, ina wani fari? Shi namiji ne, ba za a ce ɗan marini yana bayan zana ba. Ke baffanki zai samo miki wani ran kasuwar Dawce. Kwana nawa ne? Ungo wannan ki ɗaura."

Ta wurgo mata wani rini da ya ɓaci, mai shi ya ƙi karɓa, ko ɗauraya ba a gama yi masa ba. Sa'a ta taɓa, yatsunta suka ɗauka.

Ta tafi marina. Illa na tsaye bakin karofi yana juya ruwan baba da doguwar sanda, ga fararen sawaye, ƙyallayen saƙa, nan jibge a gefensa suna jiran rini.

"Baffa, an yanka zanena."

"Na ji, na ji. Ai gida ɗaya ne, naki nasa ne."

"Ba za a ba ni ɗaya cikin waɗannan ba?"

"Kai, yarinya! Amanar mutane ce. So kike a ce Illa ɓarawo ne? Kasuwar Dawce na ci zan zo miki da fari wanda ya fi wancan. Matsa, kada ki faɗa ciki."

Ran Asabar Manu ya wuce gaba cikin farar taguwa, jan zaren yana bakinta, daidai gwiwarsa. Sa'a na biye da allo a hammata. Malam ya tare ta a bakin rumfa.

"Ke Sa'a? Ke ma? Ina farinki?"

Ta dubi Manu, Manu ya dubi ƙasa. Ba a tona asirin gida a waje, an koya mata wannan. Ta ce, "Za a sayo mini, Malam."

"To in an sayo kya shigo. Na faɗa gaban kowa, in na ɗaga miki sai na ɗaga wa kowa."

Ran nan su shida ne a bayan zana. Kafin mako ya zagayo iyaye sun yi ƙoƙari, wannan an ara masa, wannan an yanka masa tsohon rawani, saura ita kaɗai.

Wanda bai zauna bayan zanan makaranta ba bai san abin ba. A ciki kowa na jin bakinsa, Malam na zagayawa yana biya wa wannan, yana gyara wa wancan. Daga waje kuwa murya arba'in ce ke zuwa lokaci ɗaya, kowa da surarsa, kamar kasuwa ta cika. Sa'a ta manna kunne a zana, ta kafa ido a allonta. Baƙaƙen ta san su ɗaya ɗaya, amma ba a biya mata ba, ba ta san yadda suke haɗuwa a baki ba. Sai ta tsinci aya daga bakin wani, ta tsinci rabin wata daga bakin wata, ta riƙe, ta ɗauka nata ne.

Kasuwar Dawce ta ci, Illa ya ce masaƙin da ya sani bai zo ba. Ta sake ci, ya ce farin da ya gani saƙar banza ce, ba zai saya wa ɗiyar wansa irin wannan ba. Ta uku bai je ba, don ayarin Buzaye ya sauka da gishiri, aiki ya yi yawa.

Cikin ayarin akwai wani Agali, mai raƙuma da yawa, ya bar iyalinsa a gari su yi rani. Ya kai wa Malam kantun gishiri da damin takarda, ya ce a sa masa ɗiyarsa Lalla a karatu. Lalla ta zo makaranta cikin turkuɗi, rinin nan mai ƙyalli da ake buga wa shuni har ya ƙoshi. Duk cikin tufafi ba wanda ya kai shi zuba. Wuyanta shuɗi, goshinta shuɗi. Ta wuce ta gaban Sa'a, ta yi mata murmushi, don yarinya ce marar mugunta, ta shige rumfa. Malam ya sa aka matsa mata a tabarma kusa da shi.

Sa'a ta jira aka tashi. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, ai nata ma rini ne."

"Nata na mabuga ne, ya bushe."

"Ni na ɗauko irinsa a kaina, Malam. Ya fi nawa zuba."

Malam ya gyara zama. "Baƙuwa ce. Su mutanen arewa ba su san wata tufa ba sai wannan, ba a yi wa baƙo dokar ɗan gari. Ke kuwa ƴar gida ce, kin ji da kunnenki. Kuma yaushe kika fara mayar mini da magana? Tashi."

Ta tashi. Da ta isa gida ta ɗauki zanenta ta nufi tafki. Ta sa toka, ta sa kanwa, ta goga da yashi, ta buga a dutse, ta shanya a rana, ta sake. Kwana uku tana yi. Zanen ya koma ruwan toka, ya huje wuri biyu, amma bai zama fari ba. Tafin hannunta ya tsattsage. Malam ya duba daga nesa ya girgiza kai, Fadima kuwa ta zabga mata mari don ta lalata tufa.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Manu, taguwar na rataye. Sa'a ta ce, "Inna, in ɗaura ta yau kawai, ko a ƙugu ne, a biya mini sau ɗaya."

Fadima ta yi dariya har da tafa hannu. "Mace da taguwa? So kike gari ya ce mun haukace? Tunda zaman banza kike yi a bayan zanan nan, ɗauki kayan can ki kai mabuga tukuna, in kin dawo kya je."

Daga nan abin ya zama haka. Yau mabuga, gobe dakan ganyen baba, jibi ɗibar ruwa wa karofi. In ta isa makaranta hantsi ya yi nisa, hannu shuɗi har wuyansa. Wata rana ma sai ta tarar an tashi. Ta roƙi Manu ya biya mata, da fari ya ce bai kai wurin ba. Da ya kai, ya zauna da ita sau ɗaya gindin turmi, ya karanta yana in-ina, shi kansa bai riƙe da kyau ba, sai uwarsa ta ƙwala wa Sa'a kira wuta ta mutu.

Sau ɗaya fari ya shigo gidan da sunanta. Illa ya dawo daga Dawce da shi, ya ce, "Ga shi, kada a ce ban cika ba. Gobe a kai ɗinki." Sa'a ta rungume shi, ta shinshina, ta sa ƙarƙashin tabarma, ta yi ta leƙawa. Da safe Illa ya auna aikin Agali ya ga bai kai ba, Buzu kuwa ba ya son jira. Ya shigo da kansa ya ɗaga tabarmar.

"Ara mini, wata kasuwar zan mayar miki."

Tana tsaye tana kallo ya tsoma shi a karofi. Ya fito kore, iska ta buge shi, ya juye shuɗi a gaban idonta. Bayan kwana goma ta gan shi a kan Lalla, sabon mayafi, a cikin rumfa.

Tun daga ranar ta daina tambaya. Tana zuwa dai ta zauna, allo a cinya, tawadar sabuwar surar ta fara dushewa. Tsofaffin surorin da ta riƙe ma, tunda ba mai sauraronta ya gyara, suka fara shiga juna. In ta fara wannan sai ta tsinci kanta a ƙarshen waccan. Da fari abin na ba ta tsoro, ta koma baya ta sake. Daga baya ba ta ma gane ta kauce.

Wata biyar cur. Bazara ta yi zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Manu ya lallaɓa ya kai ƙarshen izu. Illa ya ce a yi sadaka yadda ake yi. Sa'a ce ta surfa waken, ita ta niƙa, ita ta ɗauko masakin ƙosai a ka zuwa makaranta. A bakin rumfa wani ya karɓa, ita ta koma wurinta.

Ranar ce tsohuwa Shekara ta biyo ta hanyar. Maƙwabciyar Salamatu ce, tare suke kaɗi a inuwa ɗaya shekara da shekaru. Tun kaka tana Yauri wurin jikarta da ta haihu, jiya ta dawo. Ta ga yarinya a rana bayan zana, ta tsaya.

"Wa nake gani kamar ɗiyar Salamatu? Me kike yi a nan, ƴar nan, ana rabon ƙosai a ciki?"

"Ba ni da fari, Iya."

"Ba ki da fari? Ke?"

Shekara ta leƙa. Manu na tsaye tsakiyar rumfa gaban Malam da dattawa, taguwar ta yi masa kaɗan yanzu. Tsohuwa ba ta yi sallama ba, ta ratsa yara da sandarta, ta kama bakin taguwar ta ɗaga.

"Illa, wannan jan zaren ni na rina shi da karan dafi. Ni na riƙe wa Salamatu mazari ranar da hannunta ya kasa. Wa ta ce ta yi wa zanen nan?"

Illa ya yi yaƙe. "Iya, ai maganar gida ce, a bari mu koma."

"A gida aka yanka, amma a nan ake sawa. Ran da ake yi wa uwarta wankan gawa ina tsaye ka ce ka ɗauka. Abin da ka ɗauka ke nan?"

Fadima na bakin ƙofa da matan da suka rako ƙosai, ta ce, "Iya, ara aka yi, kuma ana nema mata wani."

"Aro da almakashi? Rufe mini baki, na san uwarki."

Malam ya yi gyaran murya. "Iya, ni doka na kafa, ban san abin da ke cikin gidan mutane ba. Kowa na yi wa daidai."

Shekara ta juya, ta ga Lalla. Ta shafa gefen mayafinta a hankali, ta buɗe tafin hannu a gaban Malam. Shuɗi fal.

"Wannan nono ne, Malam? Taguwar yaron nan kullum tana gabanka, zanen yarinyar nan shekara biyu yana gabanka, jan zare ɗaya. Idon da ya ga sawun yatsa a takarda bai ga wannan ba?"

Tsohuwa ta cire farin mayafinta, ta bar furfura a waje, ta fita ta naɗe Sa'a da shi, ta jawo ta har gaban Malam.

"Ga fari. Saura me?"

Malam bai dubi kowa ba. Ya ce, "Bisimilla. Fara daga wadda kika wanke ta ƙarshe."

Sa'a ta durƙusa. Wata biyar take jiran wannan wuri. Ta buɗe baki, murya ta fito da daɗi kamar da, aya ta fari daidai. Ta biyu sai ta wata sura. Ta uku rabin ta Manu ce, rabin ta wani yaro da ke zama kusa da zana. Tana tafiya ba ta tsaya ba, don ba ta san ta ɓata ba. Wani ƙaramin yaro ya fara ƙyalƙyalewa, saura suka ɗauka. Sai a nan ta ji, ta tsaya. Ta koma farko, ta sake faɗawa wuri ɗaya. Ta dubi allon, tawadar ta kusa ɓacewa, ga sawun yatsunta shuɗi ko'ina a jikinsa.

Illa ya numfasa, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya juya wajen dattawa.

"To kun dai ji da kunnenku. Da ma kanta ba ya ɗauka. Shi ya sa muka ga a fara da yaron."

Malam Lawwali ya san ƙarya ne. Shi ya rubuta mata allon nan sau biyu a mako, shi ya taɓa cewa da namiji ce da ta gaje shi. Shekara ta zuba masa ido tana jira. Ya dubi Illa, ya dubi masakin ƙosai, ya ce, "Fahimta ta Allah ce. A wanke allon, bayan damina ma sake daga farko."

Aka shafa addu'a, aka raba ƙosai.

A hanya Sa'a ta kwance mayafin ta miƙa wa Shekara. Duk inda ta riƙe ya yi shuɗi.

"Na ɓata miki, Iya."

"Riƙe abinki. Ba ke kika ɓata ba."

Bayan kwana huɗu aka yi ruwan shuka. Aka tafi da Sa'a gona, daga shuka sai noma, daga noma sai korar tsuntsu. Shekara ta je gidan sau uku tana faɗa, kafin kaka ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Da damina ta wuce ga fari a hannun Sa'a, ba wanda ya hana ta zuwa. Ta je bakin rumfa sau ɗaya, wani yaro ya kwaikwayi karatunta, aka yi dariya, ta juya. Fadima ta ce wa maƙwabta, "Kun gani, ita ce ba ta so."

Manu ya yi karatu, har ana ce masa Malam Manu, kuma ba wanda ke cewa bai cancanta ba. Taguwar da ta tsufa aka tsoma ta a karofi, ƙaninsa ya sa, jan zaren ya ɓace cikin shuɗi. Sa'a kuwa har ta yi furfura da gajerun surori biyu take salla, su ma a hankali take bi, tana tsoron kada ta zame cikin wata. In an yi maganarta a dangi sai a ce, Allah sarki, tun tana ƙarama ba ta da kai. Waɗanda ke faɗin haka ba su san ta wanke allo sau biyu a mako ba. Waɗanda suka sani kuwa, ranar da ya kamata su faɗa, bakinsu cike yake da ƙosan da ta niƙa.